Waye ke tabbatar da cewa wata gwamnati tana ɗaukar nauyin ta'addanci?

"Salam Barista, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne a Azare, kuma maganar nan ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Shugaban Nijar ya fito da bakinsa da Hausa ya ce Najeriya da Faransa ne ke bayan Lakurawa, wani ɗan majalisar Amurka ya ce kuɗinsu ne ke zuwa hannun Boko Haram, ita kuma Amurkan kullum cewa take Iran ce uwar 'yan ta'adda. To wai waye yake da ikon cewa ƙasa kaza tana ɗaukar nauyin ta'addanci? Akwai kotun da ake kai irin wannan ƙara ne, ko dai duk wanda ya fi ƙarfi shi ke da gaskiya?"

Wa alaikumus salam Alhaji, amin summa amin, Allah ya bada kasuwa mai albarka. In na fahimce ka tambayar kashi biyu ce, na farko waye alƙalin, na biyu kuma mu da muke zaune muna jin zarge-zargen nan a rediyo da WhatsApp ya za mu yi mu tantance na gaskiya da na siyasa. Kuma mutumin Bauchi yana da haƙƙin yin wannan tambaya don mu ba labari aka bamu ba, a Dutsen Tanshi rikicin watan Yulin 2009 ya fara kafin ya kai Maiduguri, a 2010 aka fasa gidan yarin Bauchi aka saki fursunoni sama da 700, 'yan uwanmu na Gombe kuma sun kwashi gawarwaki a tashar Dukku da babbar kasuwa. Ni lauya ne a nan Bauchi kuma ina koyar da dokar ƙasa da ƙasa, don haka ta fuskar doka zan amsa maka. Ni ba jami'in leƙen asiri bane, abin da aka fito da shi fili aka gwada shi kawai zan iya aunawa.

Babu alƙali guda ɗaya

Maganar gaskiya babu wata hukuma guda a duniya da kowa ya yarda ita ce mai yanke wannan hukunci. Har yau ɗin nan Majalisar Ɗinkin Duniya bata cimma matsaya ɗaya ba akan waye ɗan ta'adda. Indiya ta kawo daftarin babbar yarjejeniya tun 1996 kuma har yanzu yana nan a ajiye, abu biyu ne suka cije, shin wanda yake yaƙar mamaya a ƙasarsa kamar yadda ake jayayya akan Falasɗinu a ina za a saka shi, sannan in sojan gwamnati ne da kakinsa ya jefa bam akan fararen hula shi kuma me za a kira aikinsa. Masu ƙarfi basa son na biyun ya shiga, ƙasashen Musulmi da dama kuma basa son a bar na farkon babu togaciya.

Amma ba wai babu doka kwata-kwata ba. Akwai sanarwar Babban Zauren Majalisar ta 1970 da ta hana kowace ƙasa shiryawa ko taimakawa ko kau da kai ga ayyukan ta'addanci akan wata ƙasa daga cikin ƙasarta. Akwai yarjejeniyar 1999 ta hana ba ta'addanci kuɗi, mu ma a Afirka muna da tamu da aka yi a Aljiyas a shekarar, sannan bayan harin 11 ga Satumban 2001 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1373 wanda ya wajaba akan kowace ƙasa. Matsalar a wurin zartarwa take. Kwamitin Sulhu zai iya ƙaƙaba takunkumi, sai dai Amurka, Rasha, Sin, Ingila da Faransa kowacce na iya hawa kujerar naƙi, kaga kenan ba za a taɓa hukunta su ko aminansu na kusa ta wannan hanyar ba. Kotun Duniya ta ICJ da ke Holan ƙasa da ƙasa take yiwa shari'a, amma sai wadda ake ƙara ta amince da hurumin kotun, ko tun tuni ko a lokacin. Ita kuwa ICC, kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, mutum take kamawa ba ƙasa ba, kuma ta'addanci da sunansa baya cikin laifukan da aka bata.

Jerin da Amurka take riƙe da shi

Yawanci in kaji an ce an saka ƙasa kaza a jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci to jerin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ake nufi, dokar cikin gidansu ce ba ta duniya ba, sakataren harkokin wajensu ne yake sa hannu shikenan, babu alƙali babu lauyan wanda ake tuhuma. An buɗe shi a ƙarshen 1979 da ƙasashe huɗu, Libiya, Iraƙi, Siriya da Yaman ta Kudu. Duba tarihinsa da kanka. A 1982 aka cire Iraƙi, ba don Saddam ya tuba ba, lokacin yana yaƙi da Iran ne kuma ana son a samu damar hulɗa da shi, da ya mamaye Kuwaiti a 1990 aka mayar da shi, aka sake cirewa a 2004 bayan an kifar da shi. Kyuba ta shiga a 1982, Obama ya cire ta a 2015, Trump ya mayar a Janairun 2021 ana saura kwanaki ya sauka, Biden ya sa hannun cire ta a Janairun 2025, ko sati ba a yi ba Trump ya dawo ya soke. Koriya ta Arewa ta shiga a 1988 bayan an tarwatsa jirgin fasinjan Koriya ta Kudu mai mutum 115, aka cire ta a 2008 ana cikin cinikin nukiliya, aka mayar a 2017. Afganistan kuwa lokacin da Usama bin Ladan yake zaune a cikinta ƙarƙashin Taliban bata taɓa shiga jerin ba, saboda Amurka bata ɗauki Taliban a matsayin gwamnati ba.

Don haka in ka ce akwai siyasa a ciki baka yi ƙarya ba, ni ma haka nake faɗawa ɗalibaina.

Bari in gyara wani abu da mutanenmu ke yawan cakuɗawa. Najeriya bata taɓa shiga wannan jerin ba. Abin da ya faru a Janairun 2010 bayan maganar Umar Faruk Abdulmutallab shi ne an saka mu cikin ƙasashe 14 da ake tsananta binciken matafiyansu a filin jirgi. Wanda aka saka mu a 2020, aka cire a 2021, aka sake mayarwa a ƙarshen Oktoban 2025 kuma jerin 'yancin addini ne, dokarsa daban. Boko Haram da Ansaru su aka ayyana a 2013 a matsayin ƙungiyoyi, ba ƙasar ba.

Akwai waɗanda aka tabbatar fa

Inda nake rabuwa da wasu abokaina shi ne in suka ce tunda akwai siyasa to duk zargin ƙarya ce ta Turawa. A'a. Gwamnatoci suna yin wannan aika-aika kuma an sha kama su dumu-dumu. Misalin da ya fi kusa da mu a ƙasar Nijar ya faru. Ranar 19 ga Satumban 1989 jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Brazzaville ya yada zango a Injamena zai wuce Faris ya tarwatse a sararin hamadar Tenere, mutum 170 babu wanda ya tsira, kuma da yawansu 'yan Afirka ne, 'yan Kwango da 'yan Cadi. Masu bincike suka bi yashi suna tsintar tarkace, aka kwashe aka kai Faransa aka harhaɗa, a ciki aka samu guntun akwati mai ɗauke da ragowar sinadarin bam, daga nan aka bi sawu har aka kai ga jami'an Libiya. A 1999 kotu a Faris ta yankewa mutum shida ɗaurin rai da rai a bayan idonsu, har da Abdullahi Sanusi mijin 'yar'uwar matar Gaddafi kuma babba a leƙen asirinsa, a 2004 aka amince da diyyar dala miliyan 170. Nasan mutanenmu da yawa suna ƙaunar Gaddafi saboda masallatai da tsayawa Turawa da ya yi, amma mutanen cikin jirgin nan suma 'ya'yan wasu ne.

Haka na jirgin fasinjan Amurka da bam ya tarwatsa a sararin garin Lockerbie na Sikotilan a Disambar 1988, mutum 270 suka mutu. Nan ma sai da aka yi shekaru ana takunkumi kafin Libiya ta miƙa mutum biyu a 1999, alƙalan Sikotilan suka zauna a Holan, a 2001 suka ɗaure ɗaya suka sallami ɗaya, a 2003 Libiya ta ɗauki alhakin aikin jami'anta ta yarda da diyyar dala biliyan 2.7. Har yau akwai masu shakkar hukuncin, har cikin iyalan mamatan, amma dalilin da ya sa ake iya yin shakka mai ma'ana ai don an baje shaidun ne a fili kowa ya gani. A Jamus ma kotun Berlin a 1997 ta yanke cewa kisan 'yan adawar Kurdawan Iran da aka yi a wani gidan abinci a 1992 daga manyan shugabannin Iran umarnin ya fito.

Kada kuma ka zaci ƙasashen da Turawa ke ƙi ne kawai. A Yulin 1985 jami'an leƙen asirin Faransa suka dasa bam a jirgin ruwan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace a tashar Auckland ta Niyu Zilan, mai ɗaukar hoto ya mutu. Faransa ta yi ta musu, amma 'yan sandan ƙasar sun kama biyu daga cikinsu da fasfo na bogi, watanni biyu firaministan Faransa ya fito ya amsa, ministan tsaro ya ajiye aiki. Ita Amurkar kanta Nikaraguwa ta maka ta a Kotun Duniya kuma ta yi nasara a 1986, kotu ta ce ba 'yan tawayen Kwantara makamai da kuɗi da horo da dasa nakiyoyi a tashoshin ruwa duk saɓa doka ne. Amurka ta fice daga shari'ar, da aka kai maganar Kwamitin Sulhu ta hau kujerar naƙi. Ko Faransa ko Amurka babu wadda ta shiga wani jeri.

Hannu a ciki hawa-hawa ne

Wannan shari'a ta Nikaraguwa ita ce ginshiƙin da muke koyarwa, don ta raba abubuwan da mutane ke dunƙulewa. Alhaji kai ɗan kasuwa ne, a ce an kama ɓarawo a kasuwar Azare. Akwai wanda ya aike shi ya nuna masa shagon, akwai wanda ya bashi ɗakin kwana alhali ya san sana'arsa, akwai mai sayen kayan in ya sato, akwai kuma maigadin da ya yi barci. Duk da laifinsu amma ba za ka kai su gaban alƙali da tuhuma iri ɗaya ba. Kotun ta ce kafin a ɗorawa ƙasa aikin da ƙungiya ta yi kamar ita ta yi da hannunta sai an nuna ita ta juya wannan aikin takamaimai, kuɗi da makamai kaɗai laifi ne na daban amma basu kai nan ba. Sudan ta shiga jerin Amurka a 1993 ne galibi akan bada masauki, Bin Ladan ya zauna a can daga 1991 zuwa 1996. Kuma ma'aunin yana da tsauri sosai, Yukren ta kai Rasha ƙara akan yarjejeniyar 1999, a Janairun 2024 kotu ta yi watsi da mafi yawan ƙorafin, ta ce yarjejeniyar kuɗi take magana ba makamai ba, laifin da ta samu Rasha da shi shi ne ƙin binciken mutanen da aka kai mata sunayensu.

Na tsaya a nan ne saboda mu a arewa yawancin abin da muke kuka da shi sakaci ne da cin amana, kuɗin makamai da aka wawure, jami'in da ya sayar da harsashi, ƙauyen da aka kira agaji ba a zo ba sai da gari ya waye. Waɗannan manyan laifuka ne kuma ni ban yafewa kowa su ba. Amma in ka kira su ɗaukar nauyin ta'addanci daga gwamnati a matsayinta na gwamnati to ka ɗaukowa kanka nauyin hujjar da zai yi wuya ka sauke, in ka kasa kuma mai laifin na gaske ya samu mafita, zai ce kun gani sharri ake min.

Namu na kusa

A aji nakan ba ɗalibai zargi ɗaya in ce su cire sunan mai faɗa da sunan wanda ake zargi, su rubuto min abin da ya rage, rana, wuri, sunan jami'i, takardar banki, lambar bindiga, mutumin da zai iya tsayawa a yi masa tambayoyi. Sau da yawa takardar fara ƙal take dawowa. Ƙa'idar da malamanmu suka karantar da mu tun a zaure ce, hujja tana kan mai da'awa.

Ɗauki maganar shugaban Nijar Janar Tiani ta Disambar 2024, wadda ka ambata. Ta shiga jikin mutane saboda da Hausa ya yi ta, ya ambaci sunaye da wurare, kuma tarihin Faransa a yankin nan ba mai kyau bane, ga haushin rufe iyaka da yanke wuta da aka yiwa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Gwamnatin Najeriya ta musanta, Nuhu Ribadu ya yi magana a BBC Hausa ya ce a je wuraren a duba. A ma'aunina magana ce da ta tsaya a matakin da'awa, don ba a miƙa ta ga wani mai bincike mai zaman kansa an gwada ba. Kuma ba wai hanyar kotu baƙuwa bace ga ƙasashen biyu, Nijar ta je ICJ da Benin aka yanke a 2005, ta je da Burkina Faso aka yanke a 2013, mu ma can aka yanke mana Bakassi a 2002. Sannan dole ka tambayi kanka me mai maganar zai samu, shugaban da ya karɓi mulki da alƙawarin tsaro kuma hare-hare basu tsaya ba yana da buƙatar ya nuna yatsa waje. Hakan bai ƙaryata shi ba, amma ya isa ya sa ka nemi shaida kafin ka tura muryar zuwa wani guruf.

Na Scott Perry, ɗan majalisar Amurkan da ka ambata, ma haka. A Fabrairun 2025 ya faɗa a zaman wani kwamitin majalisar wakilansu cewa kuɗin USAID, hukumar bada agaji ta Amurka, na kaiwa ga ƙungiyoyi har da Boko Haram, daidai lokacin da jam'iyyarsa ke neman dalilin rusa hukumar. Jakadansu a Abuja na lokacin Richard Mills ya ce babu hujja. Mutanenmu suka ɗauka Amurka ce ta amsa laifi, alhali ɗan siyasa ɗaya ne yake faɗa da abokan hamayyarsa na gida. Kayan agaji su faɗa hannun 'yan bindiga a fagen yaƙi abu ne mai yiwuwa kuma ya cancanci bincike, amma tsakaninsa da a ce gwamnati ta zauna ta ware musu kasafi akwai tafiya mai nisa.

Gwada waɗannan da na Mali da Yukren. Bayan faɗan Tinzawatan na Yulin 2024 da aka kashe sojojin Mali da sojojin hayar Rasha na Wagner da yawa, kakakin leƙen asirin sojan Yukren ya fito ya nuna cewa 'yan tawayen sun samu bayanan da suke buƙata, Mali ta yanke hulɗa Nijar ta bi bayanta, daga baya Yukren ta musa. Nan aƙalla akwai bakin zare daga bakin jami'in wanda ake zargi. Ko na Apapa a Oktoban 2010, kwantena 13 maƙare da rokoki da gurneti da aka rubuta kayan gini ne, daga Iran suka taso, an buɗe su gaban 'yan jarida, an kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure wani ɗan Iran da wani ɗan Najeriya shekara biyar-biyar. Amma lura, laifin shigo da makamai aka tabbatar, kuma bayanan shari'ar Gambiya suka nuna za a wuce da kayan, don haka masu cewa na Boko Haram ne sun ƙara gishiri.

Wa ke shan wahalar

Abin da ya fi damuna da irin jerin nan shi ne ba shugaban yake ji a jikinsa ba. Wani dattijo ya taɓa zuwa ofishina, 'yarsa tana karatun likita a Khartum, ya je banki da takardar kuɗin makaranta da komai nasa cikakke, ma'aikacin yana ganin sunan Sudan a fom ɗin ya turo masa abinsa ya ce ba zai wuce ba. Ya zo yana tambayata ko akwai dokar Najeriya da ya karya. Babu ko ɗaya, bankunan waje da kuɗin zai ratsa ta hannunsu ne suke tsoron tarar Amurka. Ƙarshe sai canji ya yi ya damƙa dalolin a hannun wani ɗalibi mai komawa hutu, yana ta addu'a har yaron ya sauka. Sudan bata fita ba sai Disambar 2020, bayan an kifar da Al-Bashir, gwamnatin riƙon ƙwarya da ko burodi ya gagari mutanenta ta biya diyyar dala miliyan 335 akan hare-haren ofisoshin jakadancin Amurka na Kenya da Tanzaniya na 1998 da na jirgin ruwan yaƙin Amurka a 2000, kuma a daidai lokacin aka matsa mata ta amince da ƙulla hulɗa da Isra'ila. Katar ma a 2017 Saudiyya da Daular Larabawa da Baharen da Masar suka rufe mata iyaka da wannan zargi, aka raba iyalai, a Janairun 2021 aka sasanta a Al-Ula babu wata kotu da ta tabbatar da zargin.

In ka tambaye ni inda ya kamata mu sa ƙarfinmu, ni a gida nake gani. Kotu a Abu Dhabi ta ɗaure 'yan Najeriya shida akan tura dala dubu 782 ga Boko Haram tsakanin 2015 da 2016, da sunaye da adadi da hanyar da kuɗin suka bi, wato abu ne da ake iya bin sawunsa in an so. A 2021 gwamnatinmu ta sanar an kama mutum kusan 400 da ake zargi da samarwa 'yan ta'adda kuɗi, da yawansu 'yan canji. Wannan ba sai an je Holan ba, dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta ba Babbar Kotun Tarayya hurumi, kuma tana da reshe a Bauchi tana da shi a Gombe. Shari'o'in waɗanda ake zargi da Boko Haram da aka fara a Kainji a 2017 zagayen farko a rufe aka yi ba 'yan jarida, ga shi yawanci ƙananan mayaƙa ne aka gurfanar. Abin da ya kamata mu matsawa 'yan majalisarmu da shi shi ne a kawo masu kuɗin gaban kotu a buɗe, wanda bashi da laifi a sake shi ya koma kasuwarsa da mutuncinsa, wanda yake da shi kuma a karanta takardun bankinsa a ji daga wane asusu kuɗin suka fito, ko na ɗan kasuwa ne, ko na jami'in gwamnati, ko na wata ƙasar waje.